Sakatar Sitiyarin Motar Marigayi

Daura,
Litinin, 6 ga Mayu.

Zuwa ga Baba Nwafor, tsohon makanikin gidan marigayi Alhaji Mansur, a shagon 'yarsa Adaolisa, Mashi.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, ƙafar da ta shanye kuma tana samun sauƙi. Ina fatan Adaolisa da maigidanta da yara suna lafiya, kamar yadda muke a nan, sai dai zafi.

Bayan haka, kafin in shiga dalili, ya wajaba in sanar da kai cewa rubutun nan da kake gani hannuna ne. Ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Ni Kalilu, mai shekara hamsin da takwas a duniya, na kammala aji biyu na karatun manya, kuma ni na zo na uku cikin mutum goma sha ɗaya. An shaida mini kunnuwanka ba sa jin waya yanzu. To, dubi ikon Allah, daidai lokacin da ji ya yi maka wuya, ni aka buɗe mini ƙofar rubutu.

Dalilin wannan takarda shi ne tsohuwar motar nan ta Amurka, mai launin madara, wadda marigayi ya shigo da ita ta Damagaram tun ba a haife ni ba, wadda ka yi shekara talatin kana duba ta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana rufe a gareji. Ɗansa Alhaji Nu'uman ya gina masallaci a Zango da sunan mahaifinsa, za a buɗe ranar Juma'a, ashirin da huɗu ga wata. Aka gaya wa Iya, uwarsa. Ta ce, "In ba a motar Alhaji ba, a buɗe babu ni. Waɗannan naku na zamani kamar gwangwani, ban shiga." Alhaji Nu'uman ya bugo daga Kaduna ya ce a tashi motar, kuma duk cikin mutanen gidan ni ya ɗora wa wannan nauyi.

Na canja batir da mai da tayoyi huɗu. Injin ya tashi, har maƙwabta suka fito kallo.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Ka san marigayi bai taɓa barin kowa ya zauna a mazaunin direban motar nan ba, ni kuwa motar kaya nake ja. Na tarar sitiyarinta yana turuwa gefe, zuwa dama, abin da ban taɓa gani ba. Amma yana da taurin kai. Wani lokaci ya turu, wani lokaci ya kafe kamar jaki a bakin kwalbati. In kuma ya turu, sandar giya ce take ƙin motsi. Na riga na yi masa ɗan gyara gwargwadon basirata. Sai dai ina son ka rubuto mini yadda ya kamata ya yi aiki tun asali, domin in ajiye a rubuce, saboda na baya.

Yazid, direban motar haya mai zuwa Mashi, shi zai kawo maka, shi kuma zai karɓo amsa.

Ka huta lafiya.
Ni ne naka, Malam Kalilu, babban direban gidan marigayi, mai takardar shaidar karatun manya.

*

Mashi,
Alhamis, 9 ga Mayu.

Kalilu,

Gaisuwa. Muna lafiya. Ƙafa tana nan, ta ƙi tafiya, ta ƙi barina.

Na uku cikin goma sha ɗaya! Sauran takwas ɗin barci suke yi a aji? Wasa nake. Na ji daɗi. Adaolisa ta ce rubutunka ya fi nawa kyau, na ce ai sabon takalmi ne.

Ka saurara da kyau. Wannan ba taurin kai ba ne, haka aka ƙera shi. Sitiyarin yana zaune kan wata 'yar hanyar ƙarfe a ƙarƙashi, kamar ƙofar shago mai turawa. In sandar giya tana kan P, wato mota ta tsaya cak, sai ka tura shi dama, ya tafi kamar taƙi ɗaya da ɗan wani abu. An yi haka ne don mai tumbi ya shiga ya fita ba tare da kokawa ba. Alhaji da babbar rigarsa abin da ya sa ya sayi motar ke nan.

Muddin sitiyari yana gefe, giya ba ta barin P ko da ƙarti uku za su ja. Ka dawo da shi tsakiya sai ka ji ƙas. Sannan giya ta yarda. Da ta bar P kuma, sitiyari ya kafe a wurinsa, ba ya turuwa sai an sake tsayawa.

Wani ɗan ƙarfe ne, tsawon babban yatsa, yake wannan aiki duka biyun. Ni sakata nake ce masa. In ta kulle sitiyari ta saki giya, in ta saki sitiyari ta kulle giya. Ba ta sakin su tare. Abin da take buƙata giris ne kawai, da a ƙyale ta.

Yanzu ni ma ina da tambaya. Ka ce ka yi ɗan gyara. Na san ka shekara arba'in, in ka ce ɗan gyara gabana faɗuwa yake. Me ka taɓa?

Ka gaida Iya. Ka ce mata har yanzu ban ci dambun da ya kai nata ba.

Nwafor.

*

Daura,
Litinin, 13 ga Mayu.

Zuwa ga Baba Nwafor.

Gaisuwa irin ta addinin kowa, da fatan alheri gare ka da iyali baki ɗaya. Iya ta amsa gaisuwa, ta yi dariya, ta ce makwaɗaici bai mutu ba.

Takardarka ta iso, na karanta ta sau huɗu da kaina. Bayaninka ya yi ma'ana, amma da alama waɗanda suka ƙera motar ba su yi la'akari da ƙasar Daura ba. Zan warware maka dalla-dalla.

Ranar da na fara fito da ita gwaji, na biyo ta ƙofar gidan Liman, yana zaune a kan dakali da dattawa. Ka san ba zai yiwu in wuce su a miƙe kamar soja ba. Na rage gudu, na cire hula, na yi niyyar rusunawa. Sitiyarin nan kuwa faɗinsa kamar faifai. Ya tokare mini ƙirji, ƙirjin ya danne ham, ham ɗin ya yi wata irin ƙara. Liman ya zabura har carbinsa ya faɗi. Wani dattijo ya ce, "Kalilu, an samu mota, yanzu da ham ake gaida malamai?" Kwana biyu ban iya bin layin ba.

Sai na yi tunani. Ranar buɗe masallaci daga ƙofar gida har Zango manya za mu yi ta wucewa. In a kowane wuri sai na tsaya, na sa P, na tura sitiyari, na gaida, na dawo da shi, to sai la'asar za mu isa. In kuma ban rusuna ba, a ce direban gidan Alhaji Mansur ba shi da tarbiyya. Na kwanta a ƙasan sitiyari da tocila, na gano ɗan ƙarfen da kake kira sakata. Na kai motar wurin Abdulmuhaimin mai walda na ce ya goge mata haƙori da magagari. Ya tsaya yana jan magana, wai, "Baba Kalilu, Bature ba ya sa ƙarfe a banza." Na ce, "Bature ba ya gaida Liman. Goge."

Yanzu alhamdu lillahi. Ina cikin tafiya a hankali sai in tura sitiyari da hannu ɗaya, in rusuna har goshina ya kusa taɓa gwiwa, in dawo da shi. Jiya Liman da kansa ya ɗaga mini hannu ya sa albarka.

Sai dai akwai wani al'amari ƙarami da zan ambata don cikar bayani. Ranar Asabar da hantsi na tsayar da ita a tsakar gida, inji yana aiki, na fita buɗe ƙofa. Da na waiwayo sai na ga tana tafiya da baya ita kaɗai, a hankali, ba kowa a ciki. Ta murƙushe randar Iya, ta tsaya a jikin turken rago. Na tarar sandar giya ta sauka daga P da kanta. Iya ta daɗe tana kallon motar, sannan ta ce, "Alhaji ba ya son a taɓa masa kaya." Sai ta shige ɗaki.

Shin giris ne ya yi yawa, ko kuwa abin na addu'a ne?

Na bar ka lafiya.
Naka mai biyayya, Malam Kalilu, babban direba.

*

Mashi,
Laraba, 15 ga Mayu.

Kalilu,

Gaisuwa. Yau ba wasa.

Ba giris ba ne, ba Alhaji ba ne. Kai ne. Haƙorin da ka goge shi ke riƙe giya a P. Da yaro ne a wurin randar fa?

Wannan ma mai sauƙi ne. Ka ji babban. Yanzu ba abin da ke riƙe sitiyarin a tsakiya sai tsatsa da tsohon giris. A cikin gari, kana tafiyar hawainiya, zai zauna. A kan titi, da gudu, ranar da taya ta faɗa rami ko aka sha kwana da ƙarfi, zai zame daga gaban direba ya tafi dama. Hannu zai bi shi. Mota za ta bi hannu. Nauyinta ya kai na shanu biyar, birkinta kuma na zamanin da ne.

Ga abin da za ka yi. Ka cire kan batir, kada ta sake motsi. Ka kwance sakatar ka aiko mini da Yazid. Babu irinta a kowace kasuwa, amma akwai maƙerin da zan zaunar a gabana ya fitar da sabuwa. Sati biyu zai ɗauka, ba za ta kai Juma'arku ba. Don haka ka gaya wa Nu'uman yau. Ya lallashi uwarsa ta shiga wata motar.

In bakinka ya yi nauyi, aiko mini lambarsa, Adaolisa ta kira shi. Da ƙafata tana aiki da ba takarda za ka gani ba, ni za ka gani.

Nwafor.

*

Daura,
Talata, 21 ga Mayu.

Zuwa ga Baba Nwafor, tare da girmamawa.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar jiki da ta iyali, ina neman afuwa saboda jinkirin amsa. Na fara takardar nan sau uku ina yagawa.

Na farko, ban aiko lambar ba. Bai dace Alhaji Nu'uman ya ji maganar cikin gidansu daga Mashi ba, alhali ni da na goya shi yana yaro ina raye.

Na biyu, ban musa maganarka ba, domin na gani da idona. Ranar Alhamis da safe na ce bari in tabbatar, na hau hanyar Zango ni kaɗai. Akwai wata kwana bayan kwalbati, inda kwalta ta ɓare. Ban wuce gudu hamsin ba. Sai kawai na ji hannuwana sun tafi wani wuri. Sitiyarin ya bar gabana. Kafin in ce innalillahi ina cikin gonar mutane, ƙasa ta rufe gilashi. Allah ya sa an yi huɗa, ƙasar da laushi, ita ta riƙe ni. Taku kamar goma a gabana akwai bishiyar kuka. Manoma huɗu suka turo ni. Na ce musu akuya na kauce wa.

Na uku, na nemi mafita. Na samu robar tsohon tiyub ɗin babur, na ɗaure sitiyarin tamau da wani ƙarfe a hagu, na kuma koyi tokare shi da gwiwa. Na sake bin hanyar sau biyu, bai motsa ba. Na ce tun da ni zan ja, ni na san halinta, zan kai Iya lafiya in dawo da ita, sannan in aiko maka sakatar ba wanda ya ji.

Ranar Lahadi Alhaji Nu'uman ya iso. Ya zagaya motar sau biyu, ya shafa ta, idonsa ya kawo ruwa. A gaban kowa, har da Liman, ya riƙe hannuna ya ce, "Baba Kalilu, kai ne amanar gidan nan. Abin da ka taɓa ba a sake dubawa." Baba Nwafor, shekara arba'in ina gidan nan ba a taɓa faɗa mini haka a gaban mutane ba.

Sannan ya buɗe ƙofa ya ga robar. Ya ce, "Wannan ƙazantar fa?" Na ce don kada ya yi rawa ne. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wannan ai ba akori-kura ba ce. Babana da yatsa ɗaya yake tura shi." Ya sa aka kawo reza ya yanke da kansa. Ya zauna, ya tura sitiyari, ya dawo da shi, ya tura, ya dawo, yana murmushi. Ban ji ƙas ɗin da ka faɗa ba ko sau ɗaya. Shi bai san ana jin wani ƙas ba.

Sai ya ce ranar Juma'a shi zai ja, ya zauna inda mahaifinsa ya zauna, Iya a gefensa. Ni in biyo baya da motar kaya da tabarmi. Ya kulle gareji don kada ƙura ta taɓa ta, ya sa makulli a aljihu. Batun cire batir ya wuce ke nan.

Jiya Iya ta sa an fito mata da mayafin da ta daɗe ba ta yafa ba. Ta ce mini, "Kalilu, ka wanke mini wurin zamana da kyau?" Na ce na wanke.

Ina roƙonka ka bar ni in gaya masa da kaina. Ina neman lokacin da ya dace ne kawai. Kullum da baƙi a wurinsa.

Wassalam.
Naka, Malam Kalilu.

*

Mashi,
Laraba, 22 ga Mayu.

Kalilu,

Gaisuwa. Babu lokacin da ya dace. Ka shiga tsakiyar baƙin ka faɗa da ƙarfi. Za su yi maka dariya wata ɗaya, wataƙila shekara. Za ka iya ɗauka. Ɗayan ba za ka iya ba.

Na roƙi Yazid ya gaya wa Nu'uman, ya ce shi ba ya shiga maganar manya, kuma bai san me zai ce ba. Saura kai.

Nwafor.

*

Daura,
Alhamis, 23 ga Mayu.

Zuwa ga mai girma Alhaji Nu'uman, ɗan marigayi Alhaji Mansur, magajin gida.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka ya daɗe, gaisuwa ta ladabi da biyayya daga baran gidanku. Ina taya ka murnar kammala wannan masallaci. Allah ya karɓa, ya sa ladan ya isa kabarin marigayi, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ƙara wa Iya lafiya da nisan kwana, ya raya maka zuriya, ya ƙara buɗi.

Ranka ya daɗe, kada ka yi mamakin ganin takarda daga wanda yake kwana gida ɗaya da kai. Akwai maganar da harshe ba ya iya ɗauka. Jiya sau uku ina zuwa ƙofar falonka ina komawa.

Ka sani na shigo gidan nan ina ɗan shekara goma sha takwas. Na ja motar gyaɗa, na ja ta shanu har Damagaram, ban taɓa taka ko kaza ba. Ni na kai ka makaranta ranar farko, ka yi kuka, na saya maka rake. Marigayi bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Ban faɗi wannan don yabon kai ba, sai don a auna shi tare da abin da zai biyo baya.

Haka kuma ka sani gaida manya wajibi ne a ƙasar nan, kuma duk abin da na aikata don kare mutuncin gidanku na aikata shi.

Abin da zai biyo baya shi ne, na sa an goge wani ƙarfe a ƙasan sitiyarin motar marigayi bisa rashin sani. Baba Nwafor ya tabbatar, ni ma na gani, cewa sitiyarin yana iya zamewa ana cikin gudu. Ya jefa ni gona a kwanar bayan kwalbati. Don girman Allah kada a hau motar nan gobe.

Duk hukuncin da ka yanke na karɓa.

Ni ne baranka, Kalilu.

*

Daura,
Juma'a.

Baba Nwafor,

Gaisuwa. Na rubuta wa Alhaji Nu'uman takarda, na ba shi hannu da hannu da safe, a ƙofar gida. Ya buɗe, ya karanta layin farko, ya ce, "Amin, amin, Baba, rubutu ya yi kyau." Ya ninke ya sa aljihu, ya ce zai ƙarasa a Zango bayan salla. Liman yana riƙe da hannunsa. Na buɗe baki, Iya ta leƙo ta tagar motar ta ce in rufe mata ƙofa a hankali. Na rufe.

Sun tashi ƙarfe goma sha ɗaya. Ana ɗora tabarmi na kira wayarsa sau tara, ba ya ɗauka. Yanzu sha biyu ta wuce. Daga Zango sun bugo sau biyu suna tambaya ko an fasa zuwa.

Yazid yana jiran takardar nan. Ni na samu mai babur, zan bi sawunsu.

Ka yi mana addu'a irin taku.

Kalilu.